Kwanon Uwar Karla da Akuyar Mati

A shekara ta 1971, saura kaɗan zumunci ya lalace tsakanin ƙasashe biyu a garin Malbaza. Ba a sanar da gwamnati ba, domin maganar kwano ce.

Ga yadda aka yi.

A lokacin, masana'antar siminti ta tara baƙi daga nesa. Akwai injiniyoyi da makanikai, kowa da matarsa da 'ya'yansa. Sai aka buɗe wa yaran wata ƙaramar lakwal a bayan gidajen ma'aikata. Aka ɗauki 'ya'yan gari goma sha biyu, don a cuɗanya. Sunan makarantar dogo ne, kuma da Faransanci yake. Mutanen gari ba su wahalar da kansu ba. Suka sa mata Lakwal Ƙasa Bakwai.

Cikin 'ya'yan garin akwai wata yarinya mai shekara goma. Ita ce 'yar fari a gidansu, don haka uwarta ba ta kama sunanta. Mu ma za mu bi sahun uwar.

Babanta, Malam Alkasum, direban babbar mota ne a masana'antar. Shi ya je taron buɗe lakwal. Da ya dawo, ya zauna a kan tabarma yana lissafa wa matarsa Halima abin da ya gani. Akwai ɗaki guda cike da littattafai. Akwai nas mai ba yara kinin kowace Litinin. Akwai abincin rana, da lilo, da wata ƙwallo a kan tebur wadda aka ce wai ita ce duniya. Ana koyar da Faransanci da Ingilishi. Iyaye ma an tuna da su. Za a riƙa kiransu taro, har da mai fassara.

Halima ta saurara har ya gama. Sannan ta yi tambaya ɗaya.

"Ana koya musu gaida mutane?"

Malam Alkasum ya ce bai ga wannan a takardar ba.

"To," in ji ta, "wannan sai mu ci gaba da yi a gida."

Yarinya ta so lakwal ɗin ƙwarai. Ta yi ƙawa 'yar ƙasar Italiya, sunanta Karla. Kafin shekara ta zagayo, Faransanci ya zauna a bakinta. In takarda ta zo daga lakwal, ita ke karanta wa iyayenta. In baƙo ya yi magana, ita ke gaya musu abin da ya ce. Wannan ba ƙaramin iko ba ne a hannun 'yar shekara goma.

Wata rana shugabar lakwal ta zo da sabon tsari. Ta sa masa suna Kwanon Zumunci. An haɗa kowane gidan baƙi da gidan 'yan gari ɗaya. Duk bayan mako biyu, ran Talata, baƙi za su aika wa abokansu abincin ƙasarsu, don a san juna. Shugaba ta yi dogon jawabi a kan wannan dabara tata. Matan Malbaza, waɗanda ke miƙa wa juna kwano ta kan darni tun kafin a san siminti, suka saurara cikin ladabi.

Aka haɗa gidan su yarinya da gidan su Karla.

Talatar farko, Karla ta miƙa mata farin kwano mai murfi, mai zanen shuɗin fure. A ciki akwai kek mai ƙamshin lemo. Aka yanka a gida, kowa ya samu. Ƙanin yarinya har ya tsince ɓarɓashin da ya zuba a tabarma.

Shugaba ba ta ce komai ba game da dawowar kwano. Amma Halima ba ta bukatar a gaya mata. A gidan mutunci, ba a mai da kwano wayam.

Washegari da sassafe ta turara dambun gero. Ta sa zogale, da albasar Galmi, da man gyaɗa, da yaji kaɗan. Ta cika kwanon, ta rufe, ta ɗaure shi da tsabtataccen ƙyalle.

"Ki kai wa uwar Karla," in ji ta. "Ki ce ina gaishe ta. Kada ki yi gudu da shi."

Yarinya ba ta yi gudu ba. Da ta yi gudun ma, da ya fi.

A bayan katangar lakwal ta tsaya. Ta kwance ƙyallen, ta ɗaga murfi, ta duba. Kek ɗin jiya rawaya ne, sumul, kamar an goge shi. Dambu kuwa a warwatse yake, ga ɗigon ganye ko'ina. Ta tuna teburin su Karla, da fararen faranti, da cokula masu yatsu. Ta ga uwar Karla a zuci tana leƙa kwanon. Ta ji ta a zuci tana tambaya ko ciyawa ce.

Ba wanda ya taɓa yi mata dariya a lakwal ɗin nan. Ita ta yi wa kanta dariyar a madadinsu.

A wurin akwai wata jar akuya a ɗaure. Ta Mati ce, mai gadin lakwal. Yarinya ta dubi hagu, ta dubi dama, ta juye dambun a gabanta. Akuya ba ta nemi bayani ba.

Ta wanke kwanon a famfo, ta goge, ta miƙa wa Karla. Karla ta karɓa, ta ce an gode, suka tafi lilo.

Da ta koma gida, Halima na jiran ta a bakin madafa.

"Mi ta ce?"

"Ta ce an gode, Inna."

"Shi ke nan?"

 "Ta ce ya yi daɗi ƙwarai."

Halima ta yi murmushi, ta ci gaba da tankaɗe. Kafin la'asar, matar Liman, maƙwabciyarsu, ta ji labari ta kan darni.

Bayan mako biyu kwano ya sake zuwa. Wannan karon taliya ce da wani irin cuku mai ƙarfin wari. Halima ta ci loma uku, fuskarta ba ta nuna komai ba. Washegari ta soya masa, ta cika kwanon.

A bayan katanga, yarinya ta sake ɗaga murfi. Ta ga masa ɗaya ta ɗan ƙone a gefe. Ɗaya tak cikin goma sha biyar. Akuya ta ci duka goma sha biyar ɗin, ba ta ware mai ƙunar ba.

Ran nan godiyar ta ƙara girma. Yarinya ta ce baban Karla sai da ya ƙara sau biyu. Ta ce har lasar hannu ya yi.

"Ashe su ma suna lasar hannu," in ji Halima. Wannan labarin ya wuce darni. Ya kai bakin rijiya.

A karo na uku, Halima ta ce mutanen da suka san daɗin masa sun cancanci alkaki. Malam Alkasum ya zo mata da alkama daga Birnin Ƙonni. Ta fito da zumar da uwarta ta aiko daga Illela, wadda ta ɓoye don salla. Kwana biyu tana aikin.

Yarinya ta ɗaga murfi a bayan katanga. Ta duba, ta sake dubawa. Alkakin nan ba shi da aibi ko ɗaya. Sai sheƙi yake yi.

Amma in ta kai shi, uwar Karla za ta yi murna. Wataƙila ta zo gida da kanta don godiya. Wataƙila ta ce, sai yau aka tuna da ita. Daga nan kuma sai a tambayi dambu, a tambayi masa.

Haka ƙarya take. Ta farko don kunya ce. Ta biyu don an saba. Ta uku kuwa gadin biyun farko take yi.

Yarinya ta ci alkaki biyu tana hawaye. Akuya ta ci sauran, ba ta yi hawaye ba.

Ƙarshen zango ya zo. Lakwal ta kira Ranar Iyalai, ran Asabar da la'asar. Yarinya ta karanta wa iyayenta takardar da ƙaramar murya. Ta ce ba dole ba ne a je. Halima ta ce ai ko da rarrafe sai ta je ta ga aminiyarta. Ta kuma gayyaci matar Liman, don ta ga mutumin nan mai lasar hannu da idonta.

Yarinya ta yi shiri. Inna ba ta jin Faransanci. Uwar Karla ba ta jin Hausa. Ita za ta tsaya a tsakiya. Abin da ya dace ya wuce, ya wuce. Abin da bai dace ba, ya tsaya a wurinta.

Aka jera kujeru a filin lakwal. Aka kafa tuta bakwai. Yara suka yi waƙa da harshe uku. Ba wanda ya gane ko ɗaya, amma an tafa sosai.

Sannan aka ce kowane gida ya nemi abokinsa.

Uwar Karla ta taho. Doguwar mace ce mai tabarau. Farin kwanon nan na hannunta. Yarinya ta yi wuf ta shiga tsakani.

Sai ga shugaba ta dafa kafaɗarta. Ta ce yau yara hutu suke, lakwal ta tanadar wa iyaye mai fassara. Ta yafito Mushe Tanimun, malamin ajinsu, mutumin Dogarawa. A lakwal, Mushe ake ce wa malami, irin na Faransanci. Shi kuwa Mushe Tanimun mutum ne da ba ya rage ko harafi. Yarinya ta sha jin ana yabon wannan tsari na lakwal. Ba ta taɓa ganin aibinsa ba sai yau.

Aka gaisa. Halima ta tambayi gida, da yara, da baƙunta. Mushe ya fassara duka, ɗaya bayan ɗaya.

Sai uwar Karla ta riƙe kwanon da hannu biyu. Ta yi magana a hankali. Mushe Tanimun ya cire tabaransa, ya goge, ya mayar. Sannan ya juyo wajen Halima.

"Ta ce ta zo neman gafara. Ta ce duk maƙwabtanta kwanonsu na komawa da fura ko ƙosai. Nata sau uku yana komawa wayam. Ta tambaye ni ma'anar haka, na gaya mata gaskiya. Na ce ko gidan babu, ko an yi fushi. Ta ce ta san ba babu ba ce. Tana roƙo ki gaya mata laifinta. Ta rantse ba ta sa abin da addininku ya hana ba."

 Matar Liman ta riƙe haɓa. Malam Alkasum, wanda ke tsaye can baya, ya cire hularsa ya duba cikinta, kamar amsar na nan.

Halima ta dubi kwanon. Ta dubi ɗiyarta, sau ɗaya kawai. A kallon nan ɗaya ta ga dambu, ta ga masa, ta ga alkaki.

Ta gyara lulluɓinta.

"Mushe, ka ce mata ba ta yi komai ba. Laifina ne. Ni ce ban iya karɓar baƙi ba. Ta yi haƙuri."

Yarinya ta ji kamar an zuba mata ruwan randa. Innarta ce wannan. Matar da ko ludayi aka ara mata, ba ta mai da shi ba tare da ɗan goro ba. Gobe a bakin rijiya za a ce Halima ta mai da kwanon baƙuwa wayam har sau uku. Kuma sunan zai zauna. Irin wannan suna, ko jikoki sai sun ji shi.

Mushe Tanimun ya buɗe baki zai fassara.

"Mushe, kada ka faɗa," in ji yarinya. "Ba haka ba ne."

Ta faɗi komai da Hausa, idonta a ƙasa. Ta faɗi dambu, da masa, da alkaki, da bayan katanga. Sannan ta juya wajen uwar Karla, ta maimaita da Faransanci. Ba ta rage ba, ba ta ƙara ba. Wannan ce fassarar gaskiya ta farko da ta yi a zangon.

Uwar Karla ta zauna a kan kujerar da ke kusa. Karla ta buɗe baki, ta manta ta rufe.

Mati mai gadi yana bakin ƙofa, ya ji duka. Ya matso ya ce shi fa ya daɗe yana mamaki. Akuyarsa ta daina cin dusa. Ta yi ƙiba, gashinta na walƙiya. Har ya fara gaya wa mutane ciki gare ta.

Matar Liman ta saki haɓarta. "To, wa ya lashi hannun?"

"Hannu dai ba ta da shi," in ji Mati. "Amma na ga tana lasar baki."

Wani ya yi dariya a baya, ya mai da ita tari.

Uwar Karla ba ta yi dariya ba. Ta kira yarinya kusa, ta tambaye ta dalili. Yarinya ta ce ta ji tsoro ne. Ta ce dambun na da ganye, ta zaci za a ce ciyawa ce.

 Sai matar ta ce Mushe ya fassara wa kowa. Ta ce ita 'yar ƙauye ce, a kan duwatsu aka haife ta. Uwarta na tsinko ganye a bakin gona, ta dafa da garin masara. Da shi suka girma, su takwas. Kek kuwa, a littafi ta koya bayan ta yi aure. Ta ƙara da cewa a ƙauyensu ma ba a mai da kwano wayam. Shi ya sa abin ya hana ta sukuni.

Shugabar lakwal ta ji haka. Da alama ta fara zargin cewa ba ita ta ƙago Kwanon Zumunci ba.

 Da suka koma gida, Malam Alkasum ya zauna, ya kira yarinya.

"An ba ki harshen baƙi don ki kai maganarmu," in ji shi. "Ba don ki sake ta a hanya ba. Ɗan aike ba ya zaɓa wa mai aike. In na ɗauko siminti zuwa Tawa, ba na juye shi a daji don ban so launin buhun ba."

Halima tana kwance ɗankwalinta. Ta ce ba dambun ya ƙona mata rai ba, ko zumar ma ta yafe. Godiyar ce. Wata biyu tana yawo a gari da godiyar da ba a yi ba.

Yarinya ta durƙusa, ta ba su haƙuri tana kuka. Da kukan ya lafa, ta tambaya a hankali.

"Inna, don mi kika ce laifinki ne?"

"Gara a ce ban iya kwano ba da a ce ɗiyata maƙaryaciya ce," in ji Halima. "Amma tun da kin ɗauki kayanki da kanki, na bar miki. Tashi ki wanke fuska. Gobe akwai daka."

Ba a doke ta ba. Ta so a ce an doke ta, an huta.

Ita ta surfa geron. Ita ta daka, har tafin hannunta ya yi bororo. Ita ta tsinke zogale, ganye ɗaya bayan ɗaya. Dambun farko ya caɓe. Na biyu gishiri ya yi yawa. Na uku Halima ta ɗanɗana, ta ce ba laifi, mutum zai iya ci.

Yarinya ta je gidan Liman, ta janye maganar lasar hannu da bakinta. Mako guda kuma tana kai wa Mati harawa, domin akuyar ta ƙi komawa dusa.

Ran Laraba suka tafi gidan su Karla, ita da Innarta. Ita ta ɗauki kwanon. Da suka zo bayan katanga, jar akuya ta miƙe tsaye, ta ja igiyarta. Yarinya ta wuce, ba ta waiwaya ba.

Uwar Karla ta ɗebi dambun da cokali. Yaji ya shaƙe ta. Ta yi tari, ta sha ruwa, ta share ido. Sannan ta ƙara ɗiba. Karla ta ɗanɗana, ta ce gaskiya ita ganyen bai yi mata ba, amma tana so a kawo masar nan da akuya ta riga ta. Yarinya ta fassara wa Inna haka, kalma da kalma.

Sama ba ta faɗo ba. Halima ta yi dariya. Ta ce a gaya musu ita ma cukun nan, da ƙyar ta haɗiyi loma uku. Yarinya ta fassara wannan ma. Matan biyu suka yi ta dariya har baban Karla ya leƙo ya ga ko lafiya.

Tun daga ranar, kwano na zuwa a cike, yana komawa a cike. Uwar Karla ta koyi turara dambu. Halima ta koyi kek a tukunyar ƙarfe, da garwashi sama da ƙasa. Yarinya kuwa ta zama wadda Mushe Tanimun ke kira ta taimaka masa in iyaye sun yi yawa.

Yara, ga darasin. Saƙo amana ne, ku kai shi yadda aka ba ku. Kada ku ji kunyar abin gidanku, kuma kada ku yi wa kanku dariyar da ba wanda ya yi muku. In kun yi kuskure, ku faɗa tun yana ɗaya, kafin ya haifi biyu.

Kowa ya ji daɗin yadda abin ya ƙare. Akuyar Mati ce kawai ta rame.